Deewaar, Lamhe ko Veer-Zaara: wanne ne gwanin finafinan Yash Chopra?

A majalisar masu kallon Indiya, idan aka ambaci darakta Yash Chopra aka ce kowa ya faɗi fim ɗinsa da ya fi, shekarun mutum ne ke ba da amsa tun kafin bakinsa ya buɗe. Dattijon da ya yi layin tikiti a silimar Plaza ko El Dorado a Kano zai ce Deewaar, kuma ba ya son a ja maganar. Wanda ya tashi a zamanin kaset, lokacin da gida ɗaya mai bidiyo ke tara yaran unguwa, zai ce Chandni ko Lamhe. Matashin da ya buɗe ido da faifan CD da finafinan fassara kuwa Veer-Zaara ne a bakinsa. Ba a rasa wanda zai jefo Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, sai a tuna masa cewa wannan aikin ɗansa ne, Aditya Chopra. Uban kuɗi ya zuba, ɗan ne ya ba da umarni.

Ni Deewaar na zaɓa. Amma ba don dalilin da dattijon nan yake bayarwa ba, kuma sai na fara warware inda musun yake sarƙewa kafin dalilina ya fito.

An haifi Yash Chopra a Lahore a ranar 27 ga Satumba, 1932, garin da ya faɗa ɓangaren Pakistan da aka raba ƙasar a 1947. Ya koyi sana'ar a ƙarƙashin yayansa B.R. Chopra, ya fitar da fim ɗinsa na farko, Dhool Ka Phool, a 1959. Na ƙarshe, Jab Tak Hai Jaan, ya fito a Nuwamban 2012, makonni kaɗan bayan zazzaɓin dengue ya yi ajalinsa a ranar 21 ga Oktoba. Shekara 53 ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma a nan matsalar take farawa. Mutumin da ya yi aiki tsawon wannan lokaci bai bar fuska ɗaya ba. Akwai Yash Chopra na tashar jirgin ruwa da mahaƙar kwal da ɗan da ke neman fansa a kan ubansa, wato na Deewaar da Trishul da Kaala Patthar. Akwai kuma na farin sari da dusar ƙanƙara, wanda ya kai Amitabh Bachchan da Rekha gonar furanni a Holan a cikin Silsila, ya yi ta komawa tsaunukan Suwizalan har mutanen garin Interlaken suka kafa mutum-mutuminsa. Yawancin masu musu kowa ya riƙe ɗaya daga cikin biyun, yana ganin ɗayan kamar baƙo ne ya ari sunan.

Ma'aunin kuɗi ba ya raba gardamar. Veer-Zaara ya tara kuɗi fiye da kowane fim ɗin Indiya a 2004, amma kuɗin tikitin 2004 ba na 1975 ba ne, kuma a 1975 kasuwar waje ba ta kai yadda ta zama daga baya ba. Silsila na 1981 da Lamhe na 1991 duk ba su yi kasuwa a Indiya ba lokacin da suka fito, yau kuma su ake yawan ambato. Idan kasuwa ce alƙali, sai mu jefar da su biyun, kuma babu mai hankalin da zai yarda.

Kambun Filmfare, wato kyautar shekara-shekara ta finafinan Indiya, ya ɗan fi taimako, shi ma da iyakarsa. Sau huɗu Yash Chopra ya karɓi na gwanin darakta: da Waqt na 1965, da Ittefaq na 1969, da Daag na 1973, da Deewaar. Daga Deewaar bai ƙara ba, duk da cewa Lamhe da Dil To Pagal Hai da Veer-Zaara kowanne ya ci kambun gwanin fim na shekararsa. Wannan hujja ce mai daɗi a wajena, amma ba zan jingina da ita ba. A bikin da Deewaar ya kwashe kambun fim da darakta da labari da zantuttuka, Sholay guda ɗaya tak ya samu, na tace hoto. Alƙalan da suka yi wa Sholay haka ba a ɗaukar hukuncinsu kamar yankan wuƙa.

Masu Lamhe su ne suka fi kowa hujja mai nauyi, don haka su zan fi saurara. Suna cewa idan ana neman gwanin aikin darakta, a nemi fim ɗin da babu wanda zai iya yin sa sai shi, wanda ya yi kasadar sunansa da dukiyarsa a kai. Kuma shi kansa Yash Chopra ya sha lissafa Lamhe cikin waɗanda suka fi kwanta masa a rai. Duba lokacin da ya yi shi. Bayan Silsila ya sha faɗuwa a jere da Mashaal da Faasle da Vijay, har aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Chandni ne ya tashe shi a 1989. Mai tsoro da ya sake yin wani Chandni ɗin ya kwashi kuɗinsa. Shi sai ya ɗauki labarin da Honey Irani ta rubuta, ya sa Anil Kapoor ya aske gashin bakin da aka san shi da shi, ya ba Sridevi matsayi biyu, uwa da 'ya.

Labarin shi ne Viren ya zo Rajasthan yana saurayi, ya kamu da son Pallavi wadda ta girme shi, bai iya furtawa ba har ta auri wanda take so. Haɗarin mota ya yi ajalin ma'auratan, suka bar jaririya mai suna Pooja, wadda tsohuwar da ta reni Viren, wato Waheeda Rehman, ta ɗauka. Viren ya koma Landan, yana zuwa sau ɗaya a shekara don tuna ranar rasuwar Pallavi, wadda ita ce kuma ranar haihuwar yarinyar, kuma ba ya yarda ya dube ta sosai. Yarinya ta girma da fuskar uwarta sak, ta ce shi take so.

Masu kallo a Indiya suka ƙi. A idonsu wannan uba ne da 'yarsa, ko da babu jini. Mu ma nan za mu gane damuwar: a shari'a ba muharramarsa ba ce, tunda bai taɓa auren uwar ba, amma 'yar riƙo tana da wani matsayi a zuciya wanda fatawa ba ta gogewa. A Ingila da sauran kasuwannin waje fim ɗin ya karɓu, kuma da shekaru suka tafi sai darajarsa ta yi ta hawa.

Ina son rabin farko na Lamhe ƙwarai. Hamadar Rajasthan, da kunyar Viren, da yadda Pallavi take yi masa kirki irin na yaya ba tare da ta san tana yanka shi ba, duk an yi su da hannu mai taushi. Inda na rabu da masoyansa shi ne rabin biyu. Tambayar da labarin ya taso da ita mai nauyi ce: shin Viren Pooja yake so, ko fuskar matacciya? Ita kuma Pooja, mutum take so, ko wani gunki da ta gina tun tana yarinya daga baƙon da ke zuwa shekara-shekara ya ƙi kallonta? Fim ɗin ya taɓa tambayar ya janye hannu. Ya ɓata lokaci mai tsawo a barkwancin Anupam Kher da wata doguwar fitowa ta kwaikwayon tsofaffin waƙoƙi, sannan a mintocin ƙarshe zuciyar Viren ta juya da saurin da bai gamsar da ni ba. Jarumtar ɗauko labarin daban, kai shi gaci daban.

Veer-Zaara kuwa maganarsa ba ta da tsawo a wajena, ko da yake na san nan ne zan ɓata wa mutane da yawa. Fim ne mai kyau, kuma da zuciya aka yi shi. Ɗan Lahore ne ya dawo gida ta hanyar kyamara yana da shekara 72, ya ba da labarin matuƙin jirgin sojan saman Indiya da ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan bai buɗe baki ba don kare mutuncin yarinyar da yake so. Waƙoƙinsa ma abin mamaki ne: karin da marigayi mai tsara kiɗa Madan Mohan ya bari bai yi amfani da su ba kafin rasuwarsa a 1975, ɗansa Sanjeev Kohli ya tono ya raya, Lata Mangeshkar ta rera. Wanda bai ji komai ba a fitowar kotu, lokacin da tsofaffin masoyan suka haɗa ido, to a duba shi. Sai dai Veer ba shi da aibi ko ɗaya. Zaara ma haka. Lauyar da Rani Mukerji ta fito a matsayinta ma haka. Mugunta duk daga waje take zuwa, daga angon da aka yi wa baiko da 'yan sandan da ya saya. Mai kallo ba ya shiga tsaka mai wuya ko sau ɗaya, ya san gefen da zai tsaya tun daga minti na farko har sama da awa uku. So hana ganin laifi, shi ya sa masoyan fim ɗin ba sa jin wannan a matsayin rauni.

To, Deewaar. Babbar sukar da ake yi wa masu zaɓensa ita ce wai ba fim ɗin Yash Chopra ba ne, na Salim-Javed ne. Salim Khan, mahaifin Salman Khan, da abokin aikinsa Javed Akhtar su suka rubuta labarin da zantuttukan. Su suka ƙirƙiro fusataccen saurayin nan da Amitabh yake fitowa a matsayinsa tun a Zanjeer na 1973, wanda Prakash Mehra ya ba da umarni. Kamfanin ma ba nasa ba ne, Gulshan Rai na Trimurti Films ne furodusa. Duk maganganun da mutane suka haddace daga alƙalamin marubutan suka fito. Masu wannan suka na cewa an miƙa wa Yash Chopra ginannen gida ne, shi fenti kawai ya shafa.

Ban raina wannan magana ba. Fim jinka ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa, kuma rubutun Deewaar yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa yi a Bombay. Amma akwai abu biyu da sukar ta tsallake.

Na farko, a shekarar nan ta 1975 marubutan nan biyu sun ba Ramesh Sippy Sholay, a 1978 suka ba Chandra Barot Don. Jarumi ɗaya, alƙalami ɗaya, amma ka kalli ukun a jere ka ce mini hannu ɗaya ne. Sholay fili ne da duwatsu da dawakai da raha. Don gudu ne da wasan ɓuya. Deewaar a matse yake kamar ɗakin da aka rufe tagoginsa. Waƙoƙinsa kaɗan ne, barkwanci kusan babu, kuma Amitabh a ciki ba ya ihu sai inda ya zama dole. Ka tuna fitowar sito, inda Vijay, wato Amitabh, ya je ya jira 'yan karɓar kuɗin ƙarfi da ke tatsar lebura a tashar jirgin ruwa, ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa shugabansu makullin ya ce zai ciro daga aljihun shugaban idan ya gama. A takarda wannan cika baki ne irin na kowane jarumi. Abin da ya mai da shi abin tsoro shi ne natsuwar da aka yi shi da ita, yana zaune da shuɗiyar riga ɗaure a ciki, murya ƙasa-ƙasa, ba a gaggauta komai ba. Sanin inda za a bar shiru ya yi aiki, da hana jarumi wuce gona da iri, aikin darakta ne. Mutumin da ya yi Ittefaq a 1969 babu waƙa ko ɗaya, a zamanin da hakan kamar hauka ne, ba baƙo ba ne a wannan fage.

Na biyu shi ne ainihin hujjata, kuma ita ce nake ganin tana rushe rabon da ake yi na Yash Chopra biyu. An laƙaba masa sarautar soyayya, amma idan ka bi finafinansa daga farko za ka ga abin da ya fi damunsa ba saurayi da budurwa ba ne. Abin da iyaye ke bar wa 'ya'ya su ɗauka ne. Dhool Ka Phool labarin jaririn da aka haifa ba aure aka yar, wani dattijo Musulmi ya tsince shi ya rena. Dharmputra na 1961 labarin ɗan Musulmi da iyalin Hindu suka rena, ya girma yana ƙin Musulmi bai san asalinsa ba. Waqt 'yan'uwa uku ne da girgizar ƙasa ta raba, ɗaya ya zama ɓarawo, ɗaya lauya, ɗaya direba, suka haɗu a kotu. A Kabhi Kabhie na 1976, bayan duk waƙoƙin da Sahir Ludhianvi ya rubuta, akwai yarinyar da ta gano riƙonta aka yi ta tafi neman uwar da ta haife ta. Trishul na 1978 ɗa ne da ya zo ya karya kasuwancin uban da ya watsar da uwarsa. Lamhe ma, idan ka cire masa ado, yarinya ce da ta gaji fuskar uwarta da bashin son da ke kanta. Har Zaara, aurenta na dole don siyasar ubanta ne.

Ashe da Salim-Javed suka kawo labarin yaron da aka rubuta wa a hannu da allura cewa ubansa ɓarawo ne, sun kawo shi ne wajen mutumin da ya yi shekara 16 yana zagaya wannan rauni. Ba aro ya yi ba. Kuma a Deewaar ne maganar ta fito tsirara, babu furanni a kanta.

A labarin, uban gidan shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata, aka kama iyalinsa aka tilasta masa sa hannu ya sayar da 'yan'uwansa, kunya ta kore shi ya bar gari. Fushin gari ya sauka a kan matarsa da 'ya'yansa biyu. Uwar, Nirupa Roy, ta kwashe su zuwa Bombay, suka kwana ƙarƙashin gada, tana dakon bulo a wajen gini. Kuɗi ba zai kai yara biyu makaranta ba, sai babban, Vijay, ya ɗauki akwatin goge takalma don ƙaramin, Ravi, ya yi karatu. Wannan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma duk ɗan farin da aka cire daga makaranta aka kai kasuwa don ƙannensa su yi boko ya san shi ba sai an fassara masa ba. Ravi ya zama ɗan sanda mai gaskiya, Vijay ya zama ɗan fasa-ƙwauri, aka ba ƙane fayil ɗin wansa.

Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da sauran shi ne bai bar kowa ya tsira da gaskiyarsa cikakkiya ba. Gaskiyar Ravi da gumin Vijay aka saye ta, kuma Vijay ya sani, Ravi ma ya sani. Ravi da kansa ya harbi wani yaro yana gudu, ya je ya tarar burodi ya sata don gidansu babu abinci, uban yaron kuma tsohon malamin makaranta ne. Vijay ya sayi dogon benen da uwarsa ta yi wa dakon bulo don ya ba ta, ita kuma ta tattara kayanta ta bi ƙaramin zuwa gidan haya, alhali fim ɗin bai ɓoye cewa babban ta fi so ba. Amsar nan da kowa ya haddace, da Vijay ya lissafa gidaje da mota da kuɗi ya tambayi ƙanensa me yake da shi, Ravi ya ce shi yana da uwa, ana yawan ɗaukarta a matsayin nasarar mai gaskiya. Ni duk lokacin da na kalla, fuskar Vijay nake dubawa. An ƙwace masa abu ɗaya tak da ya yi duk wannan dominsa, kuma wanda ya yi wa hidima ne ya faɗa masa, a ƙarƙashin gadar da suka kwana suna yara.

Akwai kuma zamanin. Fim ɗin ya fito a Janairun 1975, ana fama da tsadar kaya da rashin aiki da yajin aiki, watanni biyar kafin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. An daɗe ana danganta Vijay da Haji Mastan, wanda ya fara da dako a tashar jirgin ruwan Bombay kafin ya zama babban ɗan fasa-ƙwauri. Talakan da ya shiga silima a wannan shekara kansa ya gani a allo. Babu wani fim na Yash Chopra da ya kama numfashin ƙasarsa haka, kafin nan ko bayan nan.

Deewaar yana da nasa raunin. Waƙoƙin R.D. Burman a ciki ba su kai na Kabhi Kabhie ko Silsila ba, kuma soyayyar Shashi Kapoor, wato Ravi, da Neetu Singh kamar an liƙa ta ne don a ba mai kallo damar shan iska. Wanda waƙa ce ke kai shi kallon Indiya yana da haƙƙin ya ce a ba shi Chandni, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ko a ɓangaren mata, Anita da Parveen Babi ta fito a matsayinta, mace mai zaman kanta da fim ɗin bai tsine mata ba, bai kuma nemi ta tuba kafin a tausaya mata ba, ta fi yawancin jarumai mata na farin sari zama mutum.

Masu Veer-Zaara za su tuna lambar fursunan da aka ba Veer, 786, adadin Bismillah a lissafin abjadi, wadda lauyarsa ta ɗauka alama ce daga Allah. Yash Chopra ya riga ya yi amfani da lambar shekara 29 kafin nan. Ita ce a jikin bajon tagulla na leburancin Vijay, wanda wani dattijo Musulmi abokin dakonsa ya ce masa ya riƙe da kyau, akwai albarka a ciki. Vijay da ya ƙi shiga wurin bauta tun yana yaro, ya ƙi sunkuyawa ya ɗauki kuɗin da aka jefa masa a ƙasa, wannan bajon kaɗai ya yarda da shi, kuma sau biyu yana tsirar da shi daga harsashi. A Veer-Zaara lambar ta kai mai ita gida. A Deewaar, uwa ce ta miƙa wa ƙaramin ɗanta bindiga da hannunta, ta wuce wurin bauta ta zauna jiran babban. Yana gudu zuwa wajenta bajon ya suɓuce ya faɗi, ya miƙa hannu bai kai gare shi ba, ƙanensa ya harba.